Wa Ya Buɗe Maka Imel Ɗinka?

Ƙannena na Birnin Kudu da Gwaram, maza da mata, ina so kowannenku ya ɗauki wayarsa ya amsa wa kansa tambaya guda: adireshin imel ɗin da ke cikin wayar nan, wa ya buɗe shi? Da yawa daga cikinku ba ku ne kuka buɗe ba. Ko dai mai shagon da aka sayi wayar ne, ko yaron da ke tura waƙa da wa'azi a bakin tasha, ko mai kafe ranar da aka je shirin rajistar JAMB, layi ya yi tsawo, rana ta take, kowa na so a sallame shi ya kama hanyar Basirka ko Sundimina kafin mota ta yanke. Shi ya zaɓi sunan, shi ya zaɓi kalmar sirri, sau da yawa lambar wayarka ce kawai, ko sunanka da shekarar haihuwarka. Da Google ya nemi lambar da za a tura wa saƙon tabbatarwa, sai ya sa tasa don aiki ya yi sauri. Ba da mugunta ya yi ba, taimako ya yi. Amma daga wannan rana shi ne mai asusun a wurin Google, kai kuwa aro aka ba ka.

Mun saba ɗaukar imel a matsayin kayan ma'aikatan ofis, tunda hirarmu duk a WhatsApp take. Wannan kuskure ne mai tsada. Da imel ake riƙe bayananka na JAMB, har zuwa ranar da za ka karɓi gurbin karatu a Jami'ar Tarayya ta Dutse ko Jami'ar Sule Lamido da ke Kafin Hausa. Da shi za ka nemi rancen ɗalibai na NELFUND da aka fara a 2024, da shi za ka yi rajistar bautar ƙasa, da shi za ka nemi aikin soja ko ɗan sanda ko aikin asibiti. Lambobin mutanen da ke cikin wayarka, da hotunanka, da ajiyar tsofaffin hirarrakinka na WhatsApp, galibi a asusun Google ɗin nan suke kwance. Sannan duk shafin da ka manta kalmar sirrinsa, idan ka ce ka manta, imel ɗin nan zai tura wa hanyar sakewa. Wanda ya riƙe imel ɗinka ba sai ya san kalmar sirrin Facebook ɗinka ba, sake ta kawai zai yi. Ko masu gyaran waya sun san nauyin abin: wayar Android da aka goge ta tas ba tare da an cire asusun Google ba, ba za ta buɗe ba sai an sa wannan imel da kalmar sirrinsa. Mutum nawa ne wayarsa ta halal ta kulle a hannunsa, sai da ya biya kuɗi aka cire masa abin da masu gyara ke kira FRP, don kawai bai san imel ɗin da aka buɗe da sunansa ba?

To, aikin farko na yau ne, ba na gobe ba. Shiga saitin wayarka, ka nemi wurin Google, ka buɗe sashen kula da asusu, daga nan ka je ɓangaren tsaro. Abu uku za ka duba. Lambar waya da imel na dawo da asusu, na wane ne? In ba naka ba ne, cire ka sa naka. Jerin na'urorin da asusun ke buɗe a cikinsu, ka san kowace? In ka ga kwamfuta ko wata wayar da ba ka gane ba, fitar da ita. Sai kalmar sirri, ka sake ta da hannunka, kai kaɗai. In kuwa ka tarar ba ka ma san tsohuwar kalmar ba, koma wurin wanda ya buɗe maka cikin mutunci tun yana nan, tun bai tashi daga shagon ya tafi Kano ko Abuja ba, ku zauna tare a mayar da komai hannunka.

Kalmar sirri mai kyau ba lallai ta zama mai wuyar haddacewa ba, tsawo ake nema. Haɗa kalmomi huɗu ko biyar na Hausa da ba su da dangantaka da juna, ka cusa lamba da alama a tsakani, ya fi sunan budurwa ko lambar waya nesa ba kusa ba. Abin da ya fi tsawon ma muhimmanci shi ne kada kalmar imel ɗinka ta zama ita ce ta wani wuri daban. Dalili kuwa shi ne kamfanoni kansu ana fasa su. A 2013 aka kutsa cikin Yahoo, daga baya kamfanin ya amsa cewa abin ya shafi dukkan asusu biliyan 3 da yake da su. Irin waɗannan jerin sunaye da kalmomi suna yawo a hannun 'yan damfara, su kuma gwadawa suke yi a Gmail da Facebook da bankuna, ko Allah zai sa mutum ya maimaita. Ni a ganina babu laifi ka rubuta kalmar a takarda ka ajiye inda kake ajiye takardun makaranta a gida. Ɓarawon da ke Legas ko Rasha ba zai iya buɗe akwatin ɗakinka ba. Abin da ban yarda da shi ba shi ne a rubuta ta a bayan waya, ko a ajiye ta cikin jerin lambobi da sunan "fasuwod".

Bayan kalmar sirri sai tabbatarwa mai mataki biyu, wato ko wani ya san kalmarka, sai ya kawo wata lamba ta daban kafin a bar shi ya shiga. A nan nake so mu ɗan daɗe, domin yanayinmu ba irin na mutanen birane ba ne. Hanyar da aka fi sani ita ce a turo maka lambar ta saƙon tes. Ta fi babu, amma tana da rauni biyu. Na farko sabis. Duk wanda ya kwana a wasu ƙauyukanmu na iyakar Bauchi ya san yadda ake neman tudu kafin saƙo ya shigo. Kuma ba mu manta watan Satumba na 2021 ba, lokacin da aka katse layukan waya a jihar Zamfara baki ɗaya saboda matsalar tsaro, sannan aka bi da wasu ƙananan hukumomi a Katsina da Sakkwato da Kaduna. Wanda duk shigarsa ta dogara da saƙon tes, a irin wannan hali ya tsaya cak. Rauni na biyu shi ne layin kansa. Layin da aka daɗe ba a yi amfani da shi ba, kamfani kan janye shi ya sayar wa wani, kuma saƙonnin tabbatarwarka wurin sabon mai layin za su riƙa zuwa. Idan ka taɓa sauya layi ka yar da tsohon sim, tuna ko akwai asusun da har yanzu ke rataye da shi.

Maganin duka biyun shi ne manhaja irin Google Authenticator, wadda ke ƙirƙiro lamba shida a cikin wayarka, tana sauyawa duk bayan daƙiƙa 30, ba ta buƙatar sabis ko data. Tare da ita, Google zai ba ka lambobin ko-ta-kwana guda goma, kowace ana amfani da ita sau ɗaya. Kwafe su da biro, ka haɗa da waccan takardar ta gida. Ranar da waya ta faɗa rijiya ko aka zare ta a kasuwar Sara, su ne za su mayar da kai cikin asusunka. Sannan ka sa wa sim ɗinka kansa lambar sirri. Masu satar waya a yau ba wayar ce ta dame su ba, sim suke so. Su cire shi su sa a wata ƙaramar waya, su danna *565*0# lambar BVN ta fito, daga nan su fara laluben banki. Sim mai lambar sirri ba ya aiki a wata waya sai an sa lambar. Ka dai kula wajen sawa, kuskure uku a jere yana kulle shi sai an kawo lambar PUK da ke jikin katin da aka ɓallo sim ɗin, don haka ka nemo katin tukuna.

Akwai wani lungu a cikin imel da kusan ba wanda ke leƙawa, kuma nan ne ƙwararrun ɓarayi ke ɓuya. Labarin Obinwanne Okeke ya isa misali. Matashin ɗan kasuwa ne ɗan Najeriya, wanda mujallar Forbes ta Afirka ta sa cikin fitattun matasa a 2016. A watan Afrilu na 2018 aka tura wa babban jami'in kuɗi na kamfanin Unatrac da ke Ingila, mai sayar da manyan injinan Caterpillar, wani saƙo ɗauke da mahaɗin da ya kai shi shafi mai kama da na Microsoft sak. Ya rubuta kalmar sirrinsa da hannunsa. Masu damfarar suka shiga akwatinsa, suka riƙa aika umarnin biyan kuɗi da sunansa, suka kuma saita akwatin yadda amsoshin ma'aikatansa za su riƙa karkata zuwa wani wuri ba tare da ya gani ba. Kusan dala miliyan 11 suka tafi. An kama Okeke a Amurka a 2019, aka yanke masa shekara 10 a 2021. Ban kawo labarin don wani ya yi sha'awar irin wannan hanya ba, dukiyar haram ce, ƙarshenta kuma kun ji shi. Na kawo shi ne don ku ga abu biyu. Ba a fasa komai ba, mutumin da kansa ya miƙa kalmar, kuma mai ilimi ne da ya fi mu sanin kwamfuta. Sannan ko ka sake kalmar sirri, umarnin da ɓarawo ya bari na tura kwafin saƙonninka zuwa wani adireshi yana nan yana aiki. Buɗe Gmail a kwamfuta, ka shiga saiti, ka duba wurin tura saƙonni gaba da wurin tace su. In ka ga adireshin da ba kai ka sa ba, goge shi.

Game da sirrin abin da ke cikin saƙon kuwa, ku sani imel na yau da kullum ba a rufe yake ruf ba. Kamfanin da ke riƙe da shi yana da ikon kaiwa gare shi, kuma wanda ka tura wa zai iya tura wa duniya. Imel ɗin da jami'a ko wurin aiki suka ba ka mallakarsu ne, mai kula da kwamfutocinsu na iya rufe shi ranar da ka bar wurin, don haka kada ka rataya bankinka ko harkar iyalinka a kai. Shawarata ku riƙe adireshi biyu. Ɗaya na muhimman abubuwa, makaranta da banki da neman aiki, mai ɗauke da sunanka na gaskiya, ba ka ba kowa shi sai hukuma. Ɗayan na sauran tarkace, wasanni da shafukan da ke cewa sai ka yi rajista. Wanda aikinsa ya shafi sirrin mutane sosai, ɗan jarida ko lauya, zai iya duba Proton Mail na ƙasar Suwizalan, wanda saƙo tsakanin masu amfani da shi biyu ke tafiya a kulle yadda kamfanin ma ba ya iya karantawa. In kuma kai ne sakataren ƙungiyar ɗalibai ko ta tsofaffin 'yan Kwalejin Gwamnati ta Birnin Kudu, za ka aika wa mutum ɗari saƙo ɗaya, zuba adireshinsu a layin Bcc, kada ka raba wa kowa adireshin kowa. Asusu na biyun ma ka riƙa leƙa shi jefi-jefi, domin Google ya ce daga ƙarshen 2023 zai iya goge asusun da ya shekara biyu ba a taɓa shi ba.

Kafe ba za mu daina zuwa ba, ba kowa ke da firinta a gida ba. Amma in takarda kawai za ka buga, babu dalilin shiga imel ɗinka a kwamfutar shago. Sauke takardar a wayarka, ka tura musu ita kaɗai, in an buga ka tsaya a goge ta a gabanka. Ku leƙa fuskar kwamfutar kowane kafe ku ga abin da ke zube: takardun NIN, sakamakon jarrabawa, hotunan fasfo na 'yan mata, duk na mutanen da suka tafi suka bari. Na san kuma cikin masu karanta wannan akwai waɗanda su ne masu kafen, ko su ne ake kawo wa waya a unguwa a ce "ɗan buɗe min." Ku amana ce a hannunku. Juya wa mai abu madannai ya rubuta kalmarsa da kansa, ka kau da kai. Sa lambarsa, ba taka ba, ko da layi zai ƙara tsawo. In dattijo ne da bai iya boko ba, rubuta masa a takarda, ko da ajami ne, ka ce ya kai gida ya adana. Tun watan Yuni na 2023 Najeriya ke da dokar kare bayanan jama'a da hukumar da ke kula da ita, amma tun kafin doka addininmu ya riga ya faɗi matsayin mai cin amana.

Yanzu bari mu zo ga wani ɓangaren daban, shiga na'ura daga nesa. Abin yana da amfani ƙwarai, kuma zai ƙara yawa a wurinmu. A ce ɗan kasuwar hatsi a Sara yana da kwamfuta a shago, ɗansa da ke karatu a Kano shi ke duba masa lissafi. Ko mai kemis a Birnin Kudu manhajar kayansa ta rikice, wanda ya sa masa ita yana Dutse. Da manhaja irin AnyDesk ko TeamViewer, na nesa zai ga fuskar kwamfutar kamar yana zaune a gabanta, ya motsa linzami, ya buɗe fayil, ya gyara abin cikin minti goma, ba a ƙona mai ba, ba a ɓata yini a hanya ba. Yadda abin yake shi ne manhajar za ta nuna maka wata lamba, ka karanta wa na nesa, ya nemi shiga, kai kuma ka danna amincewa.

Dannawar nan ita ce komai. Gidan Bahaushe da zaure aka san shi. Baƙo ya tsaya a ƙofa ya yi sallama, a amsa, a shimfiɗa masa tabarma a zaure, kuma iyakarsa ke nan sai in mai gida ya yi masa iso. Alƙur'ani ma a Suratun Nur ya yi umarni da neman izini kafin shiga gidan da ba naka ba. To, wanda ka amince wa a AnyDesk ba a zaure ka ajiye shi ba, har ƙuryar ɗaka ka kai shi. Duk abin da kake iya gani yana gani, duk abin da kake iya buɗewa yana iya buɗewa, har da saƙon banki da zai faɗo a saman allo yana kallo. Saboda haka ƙa'idar farko ita ce kai za ka kira mai gyara, ba shi zai kira ka ba. Duk wanda ya bugo ya ce daga banki yake, ko daga kamfanin POS, ko daga ofishin wani tallafi, ya ce ka sauke wata manhaja ka karanto masa lamba don ya gyara maka asusu, kashe wayar. Ko ya faɗi cikakken sunanka da ranar haihuwarka, wannan ba hujja ba ce, irin waɗannan bayanai sun daɗe da zubewa. Banki ba ya aiki haka. In hankalinka bai kwanta ba, taka ka je reshe da ƙafarka.

Ko da wanda ka sani ne ka kuma yarda da shi, zauna a gaban allon har ya gama. Rufe imel da shafin banki kafin ya shigo. Da ya gama ka katse zaman da hannunka, in ba za a sake bukata nan kusa ba ka cire manhajar gaba ɗaya. Akwai wani saiti da ke ba na nesa damar shiga kowane lokaci da kalmar sirri ba tare da an danna amincewa ba. Masu gyara na son sa don yana sauƙaƙa musu aiki, amma ka sani wannan izini ne na dindindin, dare da rana, kuma yana nan ko bayan kun ɓata. Sau da yawa ma ba a bukatar shiga kwamfutar sam. In lissafin shago ne kawai, a zuba shi a Google Sheets, a ba ɗa ikon gyarawa, a ba abokin ciniki ikon kallo kawai, kowa da nasa asusun. Wannan ya fi dacewa da mu ta wata fuskar ma, tunda kwamfutar da za a shiga daga nesa sai tana kunne, wutarmu kuwa kun san halinta.

Wani nau'in shiga daga nesa yana faruwa a cikin gidajenmu ba mu kira shi da sunansa ba. WhatsApp na ba da damar haɗa asusu ɗaya da wasu na'urori har huɗu. Wanda ya ari wayarka minti ɗaya "zai yi kira" na iya haɗa ta da tasa, ya riƙa karanta hirarka yana wani gari. Shiga wurin na'urorin da aka haɗa ka duba, ka fitar da wadda ba ka sani ba. Ƙannena mata, wannan ya fi shafarku. Idan saurayi ya kawo kyautar waya a kunne, an riga an saita komai, duba imel ɗin wa ke ciki. In nasa ne, zai iya ganin inda wayar take a taswira, hotunan da kika ɗauka kuma suna iya kwarara zuwa asusunsa, har da na 'yan'uwanki mata a cikin gida ba lulluɓi. Wataƙila bai nufi haka ba. Amma ba kowace soyayya ke kaiwa ga aure ba, kuma mun ga inda hoto ya zama makamin barazana bayan an rabu. Ki sa a cire asusunsa, a goge wayar, ki buɗe naki. Ku kuma maza, leƙen asirin wayar wani, ko matarka ce ko ƙanwarka, ba kishi ba ne kuma ba tarbiyya ba ce. Suratul Hujurati ta hana binciken sirrin mutane, dokar laifukan intanet ta 2015 kuma ta tanadi hukunci a kan satar sauraron saƙonnin wani.

Sai VPN, wanda yawancinmu muka san shi a watan Yuni na 2021, lokacin da gwamnatin tarayya ta dakatar da Twitter har zuwa Janairun 2022. Kowa ya ruga ya sauke na kyauta, wasu har yau yana nan a wayarsu. Abin da VPN ke yi shi ne ya naɗe duk zirga-zirgarka ta intanet ya bi da ita ta kwamfutar wani kamfani kafin ta fita duniya. MTN ko Airtel ba za su ga inda ka nufa ba, amma wancan kamfanin zai gani. Ke nan ba ɓacewa ka yi ba, yardarka ka ɗauke daga wanda ka sani ka miƙa wa wanda ba ka sani ba. Kamfanin da ke biyan kuɗin manyan kwamfutoci a Turai ya ba ka kyauta, da me yake ci? Banza ba ta kai zomo kasuwa. VPN ba ya hana ka rubuta kalmar sirrinka a shafin bogi, ba ya kuma hana Google sanin kai ne in ka shiga asusunka. In ba ka da takamaiman dalili, cire shi, musamman a wayar da kake harkar banki da ita.

Asalin aikin VPN shi ne ya haɗa ma'aikaci da kwamfutocin ofishinsa daga nesa, kuma wasunku nan gaba su ne za su riƙe irin wannan aiki, a makaranta, ko sakatariyar ƙaramar hukuma, ko asibiti irin Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Birnin Kudu, inda abin da za a tsare shi ne sirrin marasa lafiya. Ku riƙe labarin Colonial Pipeline. Kamfani ne da ke tura mai ta bututu zuwa gabashin Amurka. A watan Mayu na 2021 aka kutsa masa, ya rufe bututun na kwanaki, gidajen mai suka ƙafe, ya biya fansar kusan dala miliyan 4.4. Ta ina aka shiga? Ta wani tsohon asusun VPN da aka daina amfani da shi amma ba a rufe ba, kalmar sirri ɗaya tak ke tsaronsa, babu mataki na biyu. Don haka kowane ma'aikaci da nasa asusun, ba kalma ɗaya da duk ofis ya haddace ba. Ranar da aka yi wa mutum canjin wurin aiki, ko ɗan bautar ƙasa ya gama shekararsa, a ranar ake rufe nasa. Kada ku buɗe ƙofar shiga Windows daga nesa, mai lamba 3389, kai tsaye ga intanet, domin akwai na'urorin da ba su da aiki sai laluben irinta dare da rana. A bi ta WireGuard ko Tailscale, waɗanda ke haɗa na'urorin da ka zaɓa kaɗai. Tailscale ma yana aiki a kan layukan wayarmu, inda kamfani kan cusa mutane da yawa a bayan adireshin intanet guda.

Ƙananan na'urori ma kada a raina su. Na'urar wayifai da kyamarar tsaro da ake kallon shago da ita daga waya suna zuwa da kalmar masana'anta, galibi "admin", kuma haka ake barinsu. A 2016 wata muguwar manhaja mai suna Mirai ta riƙa gwada kalmomi kimanin 60 irin waɗannan, ta kame dubun dubatar kyamarori da na'urorin intanet a duniya, aka yi amfani da su a watan Oktoba aka durƙusar da Twitter da Netflix na sa'o'i. Ranar da aka ɗaura maka kyamara, sa mai ɗaurawar ya nuna maka inda ake sake kalmar, ka sake bayan ya tafi, ka kuma tabbata da imel ɗinka aka yi mata rajista. Kyamarar da ke kallon tsakar gida kuwa, a yi dogon tunani kafin a haɗa ta da intanet.

In kuma abin ya riga ya faru, an ƙwace asusu ko an sace waya, kunya ba ta da amfani a wannan sa'a, sauri ake bukata, kuma akwai abin da ke gaba da wani. Fara da banki, a toshe asusun. Kowane banki na da lambar da ake dannawa daga kowace waya don yin haka, nemi ta bankinka tun yanzu ka rubuta. Sai layi, ka je ofishin kamfanin da NIN ɗinka a yi maka welkam-bak, wato a ba ka sabon sim mai lambarka, tsohon sim ya mutu a hannun ɓarawo. Sai imel, ka bi hanyar dawo da asusu ta Google, kuma ya fi saurin yarda in ka yi daga na'urar da ka saba shiga da ita, a wurin da ka saba. Kana shiga ka sake kalma, ka fitar da sauran na'urori, ka duba wancan lungu na tura saƙonni. WhatsApp kuwa, da zarar ka sake rajista da layinka an kori wanda ke ciki, sai dai in ya riga ya sa lambar mataki biyu, to za ka jira kwana bakwai, abin da ba zai faru ba da kai ka riga shi sawa. Kafin duk wannan ya kammala, ari wayar wani ka kira 'yan'uwa da shugabannin zaurukan WhatsApp da kake ciki, na makaranta da na masallaci da na dangi, ka ce kada wanda ya tura kuɗi da sunanka, kada kuma wanda ya karanta wa kowa lamba shida da za ta shigo wayarsa, ko da an ce ta shiga taron ƙungiya ce, domin su ne ɓarawon zai bi daga kanka.